Ajiya Maganin Wata Rana: Yadda Ake Tantance Rumbunan Fayil a Na'urar Ajiya

Gabatarwa

Garin Araba yana cikin Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, a bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, inda hanyar da ta taso daga Sakkwato take tsallakawa zuwa Birnin Ƙonni na Jihar Tawa. Duk ranar Lahadi, ranar da kasuwar Illela take ci, akan ga shanu da raƙuma da tumaki sun cika kara, motocin hatsi da na kayan masarufi kuma sun yi jerin gwano a kan hanya. Kowane kaya da ya bi ta hannun hukuma yana da takardar da ke biye da shi, wadda ta ƙunshi sunan mai kaya, da yawan kayan, da ƙimarsu, da kuɗin fiton da aka biya. A da can, a manyan littattafan rajista ake rubuta waɗannan bayanai, a jera su a kabad, abokan gabarsu kuwa su ne gara da yoyon ruwa da gobara. A yau mafi yawansu a cikin kwamfuta suke. Tun farkon shekarun 1980 hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙiro manhajar ASYCUDA bisa roƙon ƙungiyar ECOWAS, domin lissafin kayan da ke ƙetare iyakoki. Hukumar Kwastan ta Najeriya ta yi aiki da ita shekaru da dama, daga baya ta koma tsarin NICIS, a 2024 kuma ta fara gwajin wata manhaja tata mai suna B'Odogwu.

Ba hukuma kaɗai ke tara irin waɗannan bayanai ba. Ofisoshin wakilan fiton kaya, da bankuna, da asibitoci, da makarantu, kowannensu yana da abin da in ya salwanta, haƙƙin wani ne ya salwanta. Saboda haka ne ake yin abin da ake kira ajiyar ko-ta-kwana, wato kwafe bayanai a kai a kai zuwa wata na'ura ta daban. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba sai ranar da ɓarna ta auku: shin me da me ke cikin ajiyar nan a zahiri? Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake samun amsar wannan tambaya daga bakin na'urar ajiyar da kanta.

Mene ne Rumbun Fayil?

Faifan da kwamfuta ke adana bayanai a kansa, tamkar fili ne da ba a yanka shi gida-gida ba. Kafin a yi amfani da shi sai an raba shi kashi-kashi, an kuma shimfiɗa wa kowane kashi wani tsari da zai riƙa lura da sunan kowane fayil, da girmansa, da mai shi, da ainihin gurbin da yake kwance. Masana na kiran wannan tsarin fayil. Domin sauƙin fahimta, a nan za a kira shi rumbun fayil, saboda kamanninsa da rumbun manomi: gida ɗaya yana iya mallakar rumbu uku ko huɗu, na gero daban, na dawa daban, na wake daban, kowanne da ƙofarsa da ma'auninsa.

A kwamfutoci masu aiki da Windows, akan bai wa kowane rumbu harafinsa, kamar C ko D, don haka bambancinsu a fili yake. A dangin Unix da Linux kuwa, waɗanda manyan na'urorin ofisoshi da jami'o'i suka fi aiki da su, al'amarin ya sha bamban. Akwai tushe guda ɗaya da ake rubutawa da alamar /, sauran rumbunan duka sai a maƙala su a jikinsa kamar rassan itace. Mai amfani da na'urar zai ga folda a cikin folda, ba tare da ya san cewa daga wannan ƙofa zuwa waccan ya tsallaka daga wani faifai zuwa wani ba. Wannan ɓoyayyiyar iyaka tana da muhimmanci ƙwarai, kamar yadda za a gani nan gaba.

Na'urar Ajiya da Kundinta

Na'urar ajiya kwamfuta ce da aka keɓe domin ta riƙa karɓar kwafin bayanan sauran kwamfutoci ta hanyar sadarwa, galibi cikin dare lokacin da aiki ya lafa. Takan zuba abin da ta karɓa a manyan faya-fayai ko a kaset na maganaɗisu. Har yanzu kaset bai tsufa ba a wannan fage: kaset ɗin LTO na farko da ya fito a 2000 gigabait 100 yake ɗauka, amma samfurin LTO-9 na 2021 yana ɗaukar terabait 18.

Abin lura a nan shi ne, na'urar ajiya abu biyu take riƙewa. Na farko su ne bayanan da kansu. Na biyu shi ne kundi, wanda a ciki take rubuta cewa daga kwamfuta kaza, an kwafi rumbu kaza, ranar kaza, an kuma sa shi a kaset mai lamba kaza. Misalinta kamar mai sito ne a kasuwa, wanda fatake ke bar wa kaya amana. Buhuna suna cikin sito, littafi kuma yana hannunsa. Falken da ke son sanin abin da ya mallaka ba sai ya shiga ya birkita buhuna ba. Littafin zai nema a buɗe masa. To, fitar da jerin rumbunan da aka yi wa ajiya, buɗe wannan littafi ne.

Me Ya Sa Layin Umarni?

Layin umarni shi ne hanyar da mutum ke rubuta wa kwamfuta abin da yake so da haruffa, ita kuma ta amsa masa da haruffa, ba tare da hotuna ko danne-dannen maɓallai a allo ba. Mai karatu zai iya ɗaukar wannan a matsayin tsohon yayi, amma yana da fa'idodi uku da suka dace da wuri irin Araba. Na farko, rubutu zalla ba ya cin hanyar sadarwa, don haka ma'aikacin da ke zaune a Sakkwato yana iya shiga na'urar da ke bakin iyaka ta manhajar ssh ko da intanet ɗin tana jan ƙafa. Na biyu, amsar da ta fito a rubuce ana iya adana ta, a gwama ta da ta jiya ko ta makon jiya. Na uku, umarnin da aka rubuta sau ɗaya ana iya bai wa kwamfuta ta riƙa maimaita shi da kanta kowace safiya.

Yadda Ake Fitar da Jerin

Matakin farko ba a na'urar ajiya yake ba, a kwamfutar da ake kare wa bayanai yake. A Unix da Linux ana rubuta:

df -h

Nan take za ta jero duk rumbunan da ke maƙale a lokacin, da girman kowanne, da abin da aka cinye, da abin da ya rage. Wannan shi ne jerin abin da ake da shi. Mataki na biyu shi ne neman jerin abin da aka ajiye, kuma kowace manhaja da irin kalmominta.

Mafi tsufa a cikinsu ita ce dump, wadda ke cikin Unix tun shekarun 1970. Ita rumbu guda take kwafewa a kowane zama, kuma in an umarce ta, takan rubuta abin da ta yi a wani ɗan fayil da bisa al'ada ake kira /etc/dumpdates. Kowane layi a cikinsa yana ɗauke da sunan rumbu, da matakin ajiya, da kwanan wata. Umarnin dump -W yana karanta wannan fayil ya nuna ajiyar ƙarshe ta kowane rumbu, ya kuma yi ishara ga waɗanda lokacin ajiyarsu ya yi. Matakan nan a asali daga 0 zuwa 9 suke. Mataki na 0 shi ne kwafe komai da komai. Mataki na 1 kuwa abin da ya sauya tun bayan mataki na 0 kawai yake ɗauka, haka kowane mataki yake dogara ga na ƙasa da shi. Ke nan, in kaset ɗin mataki na 0 ya ɓace, sauran sun zama rassa marasa tushe.

Sai manhajar Amanda, wadda aka fara rubutawa a Jami'ar Maryland ta Amurka a 1991 domin kwafe kwamfutoci masu yawa zuwa na'urar kaset guda. Tana da wani fayil mai suna disklist, inda ake rubuta sunan kowace kwamfuta da rumbunan da za a kwafe mata. Idan an sa wa tsarin ajiyar ofis suna kullum, sai a rubuta:

amadmin kullum disklist

amadmin kullum find

Bambancin waɗannan biyu shi ne zuciyar al'amarin. Na farko yana nuna abin da aka yi niyyar ajiyewa. Na biyu yana nuna abin da aka ajiye a aikace: rana, da kwamfuta, da rumbu, da mataki, da kaset, da kuma ko aikin ya kammala lafiya. Niyya daban, cikawa daban.

Kamfanin IBM yana da tasa manhajar, wadda ta fito a 1993 da sunan ADSM, ta koma Tivoli Storage Manager a 1999, ta koma Spectrum Protect a 2015, a 2023 kuma aka sa mata Storage Protect. Suna ya sauya sau da yawa, amma umarnin yana nan yadda yake. Mai kula da na'ura yakan shiga ta dsmadmc, sannan ya rubuta:

query filespace * * format=detailed

Amsar za ta kawo kowace kwamfuta da rumbunanta, da lokacin da ajiyar ƙarshe ta fara, da lokacin da ta ƙare, da yawan kwanakin da suka shuɗe tun daga nan. Idan lokacin farawa na daren jiya ne, amma lokacin ƙarewa na watan jiya ne, to ana fara aikin yana yankewa a tsakiya, abin da ɗaukewar wutar lantarki ko katsewar hanyar sadarwa kan jawo.

Ta huɗu ita ce Bacula, wadda Kern Sibbald ya fara rubutawa a 2000. Ana magana da ita ta bconsole. Umarnin list clients yana jero kwamfutocin da ta sani, show filesets yana nuna wuraren da aka ce ta kwafe, list jobs kuma yana jero ayyukan da ta gudanar. A ƙarshen kowane layi akwai harafi guda da ke nuna makomar aikin: T na nufin ya kammala lafiya, E ko f na nufin an sami tangarɗa. Mai son ganin ainihin fayilolin da wani aiki ya kwafe sai ya rubuta list files ya haɗa da lambar aikin.

Rumbun da Ya Ɓuya

A ƙaddara, alal misali, akwai wani ofishin wakilan fiton kaya a Araba, mai kwamfuta guda da ake tara aikin ofis duka a cikinta. Da aka kafa ta, rumbu uku gare ta: / na manhajoji, /home na ma'aikata, da /bayanai na takardun abokan ciniki. An shigar da duka ukun a na'urar ajiya, komai na tafiya daidai. Bayan shekara biyu sai hotunan takardun da ake ɗauka suka cika faifai. Aka sayo sabon faifai, aka maƙala shi a /bayanai/hotuna, aka mayar da hotunan can. A idon ma'aikaci ba abin da ya sauya: yana buɗe foldar bayanai yana ganin hotuna a ciki kamar kullum, kuma tunda ana kwafe /bayanai kowane dare, hankalinsa kwance yake.

Amma fa hotunan sun tsallaka iyaka. Manhajar dump ba ta fita daga rumbun da aka nuna mata. Ita ma Bacula, in an bar ta yadda ta zo, idan ta iso ƙofar wani rumbu daban sai ta tsaya. Takan rubuta a rahotonta cewa ba ta shiga ba, amma duk da haka ta sa wa aikin harafin T, domin a wurinta ta cika abin da aka umarce ta. An yi wannan tsari ne da gangan, don kada manhaja ta bi hanyar sadarwa ta kwaso faya-fayan wasu na'urori ko ta shiga zagayen da ba ya ƙarewa. Sakamakon dai shi ne, kowace safiya rahoto na cewa lafiya lau, alhali hotunan takardu ba su da kwafi ko ɗaya. Wata alama da mai lura zai iya gani ita ce girman ajiyar /bayanai ya ragu kwatsam ranar da aka kwashe hotunan, maimakon ya ƙaru.

Maganin wannan ba shi da wuya. A ɗora jerin df kusa da jerin na'urar ajiya: wancan ya nuna huɗu, wannan ya nuna uku, ɓarakar ta fito fili. Inda kwamfutocin suke da yawa, sai a zuba kowane jeri a fayil, a jera su bisa haruffa da umarnin sort, sannan a sa umarnin comm ko diff ya fitar da layukan da ke cikin ɗaya babu su a ɗayan. Aikin minti biyar ne, amma yana iya ceton aikin shekaru.

Karanta Kwanan Wata

Ganin sunan rumbu a jeri bai wadatar ba. Dole a duba ranar da ke gefensa. Na'urar ajiya takan ci gaba da nuna sunan rumbu ko da an daɗe da daina kwafe shi. Tarihin iyakar Illela ya isa misali. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a kuma buɗe ta Illela ba sai a watan Disamba na 2020, tare da ta Seme da Maigatari da Mfum, wato bayan kimanin wata 16. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023, sai a watan Maris 2024 Najeriya ta ba da umarnin buɗewa. A irin wannan yanayi ofisoshin da abincinsu ke kan iyaka sukan rage aiki ko su kulle, a kashe kwamfutoci.

Na'urar ajiya kuwa ba ta san an rufe iyaka ba. Agogonta kawai take bi. Kowace manhaja tana da wa'adin riƙe ajiya. A Bacula, in ba a sauya ba, wa'adin riƙe sunayen fayiloli a kundi kwana 60 ne, na riƙe labarin aiki kuma kwana 180. Shafe suna daga kundi ba ya goge abin da ke kan kaset, kuma akwai manhajar bscan da ke iya karanta kaset ta sake gina kundin. Amma inda ake juya kasakasai ana sake rubutu a kan mafi tsufa, to ajiyar kwamfutar da ta daɗe a kashe tana iya shafewa ƙurmus, tun da ba sabuwa da ke maye gurbinta. Ranar da aka dawo aka kunna kwamfutar, in faifanta ya ƙi tashi bayan ya sha zafin bazara da ƙurar hunturu, sai a tarar ba tsuntsu ba tarko. Don haka kafin a kulle ofis na dogon lokaci, ya wajaba a yi cikakkiyar ajiya, a cire kaset ɗin daga zagaye, a adana shi a wani gini daban mai sanyi da tsabta.

Darasi daga Wasu Ƙasashe

Kada a ɗauka wannan matsala ta ƙananan ofisoshi ce kawai. Ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab, wanda masu rubuta manhajoji daga ko'ina a duniya ke ajiye aikinsu a wurinsa, ya goge kimanin gigabait 300 na babbar ma'ajiyar bayanai bisa kuskure. Kamfanin yana da hanyoyin kariya har biyar, amma da aka waiwaye su sai aka tarar ba wadda ke aiki yadda aka zata. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana faɗuwa shiru, saboda manhajar kwafin ba ta dace da samfurin ma'ajiyar ba, wasiƙun gargaɗin da take aikawa kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka awa 6 kafin ɓarnar, don haka aikin waɗannan awoyi ya tafi. Da wani ya buɗe wurin ajiyar ya duba, da ya gan shi wayam tun kafin ranar.

A watan Disamba 2021 kuma, Jami'ar Kyoto ta Japan ta yi asarar kimanin terabait 77, fayiloli wajen miliyan 34 na ƙungiyoyin bincike 14, sakamakon kuskuren da aka yi wajen sabunta manhajar ajiyar babbar kwamfutarta. Wato abin da aka kafa domin kariya shi ya yi ɓarnar. Wannan yana nuna hikimar ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa, wadda ake kira 3-2-1: a mallaki kwafi uku na bayanai, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri mai nisa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya taƙaita aikin mai kula da ajiya cikin tambayoyi huɗu da ya kamata ya riƙa yi wa na'urarsa. Shin kowane rumbu da df ya nuna yana cikin jerin ajiya? Yaushe aka kammala kwafe shi na ƙarshe? Cikakkiyar ajiyar da sauran suka dogara gare ta tana nan? Girman abin da aka ajiye ya yi daidai da girman abin da ke cikin rumbun? Bayan waɗannan akwai jarrabawa ta ƙarshe wadda babu jerin da zai maye gurbinta, ita ce a zaɓi fayil guda lokaci-lokaci a dawo da shi daga ajiya, a buɗe shi a gani. Littafin mai sito yana iya cewa buhu ɗari, amma sai an kwance bakin buhu ake sanin ko ƙwari sun shiga. Gani ya kori ji.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin kare su daga ɓata ko lalacewa. Tun kafin doka, Bahaushe ya san nauyin amana. Falken da ya biya fito a Araba, in wata rana aka nemi shaidar biyansa, ba ruwansa da sunan manhaja ko lambar kaset. Takardarsa yake so a fito masa da ita. Ko za a same ta ko ba za a samu ba, ya danganta ne ga ko wani ma'aikaci ya zauna wata safiya ya rubuta layi guda, ya kuma karanta amsar da idon basira.